Neman shawara: wane harsashi ya dace da karnukan jeji masu kashe mana tumaki, .223 ko .243?

Makiyayi_Longreach

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah waɗanda suka san harkar bindigar farauta ku matso kusa, musamman in akwai ƴan'uwa mazauna Ostireliya ko Amurka a nan. Ni ina aiki ne a wata gonar kiwon tumaki a yammacin jihar Kwinsland ta Ostireliya, tsakaninmu da garin Longreach kusan awa biyu a mota, bana shekarata ta huɗu. In nace gona kar ku ɗauka irin tamu ta gida, wuni guda zakayi a kan babur kana bin shinge baka zagaye ta ba, fili ne fetal sai ciyawa da ɗan itace jefi-jefi.

Abinda ya hana mu barci karnukan jeji ne. Wasu dingo ne zalla, wato karen jeji na asalin ƙasar nan, jajaye masu farin ƙafa da farin bakin wutsiya, wasu kuma ruwa biyu ne, dingo ya haɗu da karen gida da ya ɓata a jeji, irin waɗannan wani sa'in sunfi girma. Mu kuma muna waje da babban shingen nan da aka ja don tare dingo mai tsawon kilomita 5,614, kuma maƙwabtanmu ta kudu sun haɗa kuɗi sun ja dogon shinge sun kewaye nasu, to kunga duk karen da ya rasa hanya wajenmu yake gangarowa. Ranar Talatar makon jiya da sassafe naje duba kwamin ruwa na tarar da tumaki bakwai, huɗu sun mutu uku da sauran rai, ɗaya an yage mata cinyar baya har ana ganin ƙashi amma tana tsaye jikinta na ɓari, ɗanta na zagaya ta yana neman nono. A cikin huɗun nan ɗaya kawai suka ci, sauran yaga su sukayi suka bari. Ni na ƙarasa ukun da hannuna.

Abinda yasa nake tambayar nan kuma shine wani abu da ya faru watan da ya wuce wanda har yanzu yana cina a rai. Naga wani kare a bakin dam, tsakaninmu zaikai mita 80, abinda ke hannuna ƴar ƙaramar bindiga .22 ce ta gona wadda muke harbin zomo da ita, na saita na harba, naji ƙarar shigar harsashin, yayi ƙara ya juya ya ciji gefen cikinsa ya ruga. Na bi jini har ya ɓace min a ciyawa. Sai bayan kwana biyu hankaki suka nuna min inda yake, ashe ya ja jiki kusan kilomita guda ya kwanta a gindin wata bishiya, Allah kaɗai ya san awa nawa yayi yana shan azaba kafin ya mutu. Ɓarna yake mana, gaskiya ne, amma wlh banaso in sake yiwa wata dabba haka.

Yanzu nayi kwas na samu lasisin riƙe dogayen bindigogi, rukunin A da B, saura in nemi takardar izinin saye, kuma kuɗin bindiga ɗaya kawai gareni. Mai shago yace .223 (lambar nau'in harsashin da bindigar ke ci kenan), wani maƙwabci yace in ba .243 ba kar in ɓata kuɗina, wani kuma ya rantse da .22-250, maigidan gonar kuwa .308 ce dashi ta aladen daji yace in nemi irinta an gama magana. Nisan da nake ganinsu galibi mita 100 zuwa 250 ne, da asuba ko dab da magariba, kuma nan iska bata hutawa. Wanne zan ɗauka?

Baban_Ummi_Dubbo

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar da alheri, na san zafin wannan gani, shekara goma sha biyu nayi ina aikin gona ta nan yammacin Dubbo kafin gwiwa ta zaunar dani. Kai tsaye zan baka amsa: ɗauki .223 Remington, kasa mata harsashi mai taushin baki ko mai rami a baki, giren 55 (giren shine ma'aunin nauyin harsashi). Bari in faɗa maka dalili.

Da farko .22 ɗin nan ka ajiye ta wa zomo. Harsashinta giren 40 ne, gudunsa bai wuce mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa ba, kafin yakai mita 80 ya gaji. Shi kuwa na .223 giren 55 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 990 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa ya ninka na .22 kusan sau goma, duk da faɗin harsashin kusan ɗaya ne in ka jera su a tafin hannu, bambancin yana wajen girman kwanso da yawan albarushi. Inda .22 ke da amfani a kan kare wuri ɗaya ne, in tarko ya riƙe shi ka matso dab ka harbe shi a ka. Ƙa'idojin harbin karnukan jeji da hukumomin nan ke rabawa manoma ma haka suka tsara, a fili ayi amfani da irinsu .222 da .223 da .22-250 da .243, duk huɗun suna cikin lissafi, don haka ba wanda ya faɗa maka ƙarya a cikin mutanen nan, kowa dai nasa ya sani.

To meyasa .223? Dingo ba wata babbar dabba bace, galibi kilo 13 zuwa 20, ƙirjinsa siriri, ba'a buƙatar igwa. Abinda ake buƙata ka sami inda ka saita, kuma wannan baya samuwa sai da yawan harbi, yawan harbi kuma sai harsashi mai araha. Masu sana'ar harbin kangaru a yankinku yawancinsu .223 suke riƙewa, shiyasa duk ƙaramin garin da ka shiga in dai akwai shagon da ke saida harsashi zaka same shi, kuma yafi na .243 sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Sannan bata dukan kafaɗa, kana harbawa idonka na cikin madubin hange na kan bindigar kana ganin inda harsashin ya sauka, in kare biyu ne ka samu damar juyawa kan na biyun. Sabon maharbi in ya fara da bindiga mai duka, kamar .308 ɗin maigidanka, sai jikinsa ya koyi zabura, kafin ya gama jan kunama ya riga ya runtse ido ya fizge, kuma wannan ɗabi'a in ta shiga jiki fitarta aiki ne. Na gani ga yara da yawa da suka zo aiki wajenmu.

.22-250 kuwa harsashin iri ɗaya ne da na .223 sai dai an ƙara masa wuta, yana kai kusan mita 1,120 a daƙiƙa, yana tafiya a miƙe sosai, masu harbin yanyawa da fitila da dare suna sonta. Amma ƙara gareta kamar me, tana cin bututu da wuri saboda zafi, kuma harsashin yafi tsada. Nisan da zata ƙara maka ba nisan da ya kamata sabon hannu ya riƙa harbin mai rai bane.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai, kuma wannan yafi zaɓen lamba muhimmanci: kar ka yarda ka sayi harsashi mai rufaffen baki irin na soja don kaga yana da araha, wanda jan ƙarfe ya lulluɓe shi gaba ɗaya. Huda kawai yake ya wuce kamar allura, karen ya ruga da rauni, ka koma gidan jiya. Ga shi in ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa sai ya tashi yayi wani wajen da baka nufa ba, alhali tumakinka na bayan wurin. Mai taushin baki yana shiga yake buɗewa ya zube ƙarfinsa a cikin ƙirji. Na soja ka barshi wa takarda ranar gwaji.

Abu_Hanif_Texas

Slm. Baban Ummi, girmanka ne kuma duk abinda ka faɗa gaskiya ne, amma ni dai a wannan karon zan saɓa maka kaɗan, kayi haƙuri. Ɗan'uwan nan kalma biyu ya faɗa da suka tsaya min, yace fili fetal, yace iska bata hutawa. Mu nan yammacin Texas haka ƙasar take, kuma muna fama da koyot, wani ɗan'uwan dila ne da girmansa bai wuce na dingo ba, yana ɗaukewa abokina ƴan awaki, kusan duk sanyi muna fita tare. Na fara da .223 nima, shekara uku ina riƙe da ita, abinda ya raba ni da ita iska ce. Harsashi giren 55 bai kai giram huɗu ba fa, in iska na kaɗawa ta gefe ko da matsakaiciya ce, a mita 300 sai ta ture shi fiye da taƙi guda, ka saita ƙirji ya sauka a ciki ko a cinya, wato daidai abinda yake gudu. A mita 100 ko 150 ba zaka ga bambanci ba, daga 200 zuwa sama ne labari ke canzawa.

.243 Winchester tun 1955 take, kwanson .308 aka matse wa wuya aka sa masa ƙaramin harsashi, shiyasa take da wuta. Tana ɗaukar tun daga giren 55 har 100. In kasa mata giren 80 ko 87 iska bata wasa dashi kamar na .223, kuma in ya isa ya isa da sauran ƙarfi, ko saitin ya ɗan kauce kaɗan ya daki kafaɗa zai fasa ya shiga. Dukan kafaɗarta kuma ba wani abin tsoro bane, a nan da ita ake fara koyawa yara ƴan shekara sha biyu sha uku harbin barewa.

Sannan ka duba maganar bindiga ɗaya. Yace akwai aladen daji a gonar. Ranar da ya fita neman kare ya ci karo da ƙaton gursunu ya sha birgima a taɓo ya bushe a jikinsa, ga kaurin fatar kafaɗa, harsashin .223 mai saurin fashewa a kan fata zai watse. Da .243 kuwa sai ya canza zuwa giren 100 ya gama aikinsa. Ni a ganina wanda zai sayi guda ɗaya tal gara ya sayi wadda ta ɗan fi buƙatarsa.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari, tsada da cin bututu, .243 ma tana ci, ba ƙarya. Da kuma maganar .308, wannan kam tayi yawa wa kare, giren 150 ne ke ratsa shi ya fita yaci gaba da tafiya, kuma a fili irin wannan baka san inda zai sauka ba.

Makiyayi_Longreach

Na gode ƙwarai Baba, na gode Abu Hanif. Kun sa na ƙara rikicewa amma ta hanya mai kyau, don yanzu na gane inda gardamar take. Aladen ba aikina bane, maigida da ɗansa ke fita musu. Tambaya ɗaya, mai shagon ya ambaci wani abu wai 1:8 da 1:12 a jikin bututun .223, na gyaɗa kai kawai amma ban gane ba, menene shi?

Baban_Ummi_Dubbo

Murɗin cikin bututu kenan. In ka cire abin ɗana harsashi ka leƙa bututun ta wajen haske zakaga wasu layuka sun murɗe kamar igiya, su ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa don kar ya wuntsila a hanya. 1:12 na nufin sai yayi tafiyar inci 12 yake cika juyi ɗaya, 1:8 kuma inci 8, wato yafi saurin juyi. Dogon harsashi mai nauyi sai da saurin juyi yake daidaita. 1:12 zata riƙe maka giren 50 da 55 lafiya lau, amma in ka sa mata 69 ko 75 sai kaga ramin da yayi a takarda a kwance. 1:8 kuwa tana cin duka. To ka ɗauki 1:8, kaga ranar da iska ta dame ka sai ka koma giren 60 da wani abu mai taushin baki, ka rage rabin matsalar da Abu Hanif ke faɗa ba tare da ka canza bindiga ba. Bindigar Tikka T3x tana zuwa da 1:8, akwai Howa 1500 mai sauƙin kuɗi, akwai kuma Lithgow ƴar gida da ake ƙerawa a nan jiharmu, ko wacce ka tambayi murɗinta kafin ka biya. Kuma ka duba abinda aka rubuta a jikin bututun, in .223 Rem kawai aka sa kar ka cusa mata 5.56 na soja, kamarsu ɗaya a ido amma matsin wutarsu ba ɗaya ba.

Abu Hanif, ɗana, maganar iska gaskiyarka ce ban musa ba. Amma ni abinda shekaru suka nuna min, karen da ke mita 300 cikin iska ba na harbi bane ko me kake riƙe dashi, in ka kuskure shi ka koya masa darasi, daga ranar ko ƙarar babur yaji daga nesa ya ɓace, kuma irin waɗannan wayayyun su suka fi kowa ɓarna, sai an ɗauko mai tarko ya sha wata guda yana binsu. Gara ka ƙyale shi ya tafi bai san ka ganshi ba, gobe ka riga shi zuwa bakin ruwa, ka zauna inda iska ke busowa daga wajensa zuwa wajenka, rana a bayanka. Tsofaffin masu tarko na nan har kukan dingo suke kwaikwaya da baki, musamman daga Afrilu zuwa Yuni lokacin barbararsu, karen ya amsa ya taho da ƙafarsa har mita 100. Kuɗin da zaka ƙara a harsashin .243 ka zuba shi a madubi mai kyau wanda ke gani da duku-duku, da ƴar na'urar auna nisa, don fili na yaudarar ido, abinda kake rantsuwa mita 150 ne sai a auna a ga 240.

Dr_Maman_Sadiq

Assalamu alaikum. Ni ba maharbiya bace, likitar dabbobi ce, a Zariya nayi karatu yanzu ina aiki ta wajen Toowoomba, kuma tumaki da maruƙan da karnukan nan suka yaga suna zuwa hannuna, don haka bari in sa baki ta ɓangarena. Malam Makiyayi, yadda abin karen nan ya dame ka ya burge ni, da yawa basa ko waiwaya.

Ko wace lamba ka saya, wurin da harsashi ya shiga shine magana. In yana tsaye ya baka gefe, ka bi ƙafar gaba ka hau, dab da bayan kafaɗa, ƙasa da tsakiyar ƙirji kaɗan, nan zuciya da huhu suke. Faɗin wurin bai fi tafin hannunka da yatsu ba. Kai yafi saurin kashewa amma ƙwaƙwalwar kare ƴar ƙarama ce kuma kan baya tsayawa wuri ɗaya, in ka kauce kaɗan muƙamuƙi zaka fasa, ya tafi ya kasa ci ya kasa sha har ya mutu, na taɓa ganin irinsa kuma bana fatan in sake gani. Daga nesa ƙirji yafi tabbas. Yadda ka bada labari ya juya ya ciji gefen cikinsa, alama ce harsashin a hanji ya shiga. In ya faɗi kar ka juya ka tafi, ka jira kaɗan bindiga a saite, ka matso ta bayansa, ka taɓa idon da tsinke, in ya ƙifta ka ƙara masa.

Sai maganar ƴaƴa. Dingo sau ɗaya take haihuwa a shekara, cikinta kusan kwana 63, yawanci ƴaƴan na zuwa daga Yuni zuwa Agusta. In ka harbi mace a wannan tsakanin ka duba nononta, in tana shayarwa to akwai ƴan kwikwiyo a wani rami ko kogon itace kusa, nemansu ya zama wajibi a kanka, kar a barsu yunwa ta kashe su.

Kuma dan Allah safar hannu. Na san ƙananan hukumomi da yawa a Kwinsland suna biyan lada in ka kai fatar kai, to wajen fiɗar nan ake ɗaukar cuta. Akwai wata ƴar tsutsar ciki, Echinococcus granulosus, da ke zaune a hanjin karnukan jeji, ƙwanta na fita a kashi ya manne a gashi, in ya shiga bakin mutum sai ya zama ƙullutun ruwa a hanta ko huhu, shekaru yana girma baka sani ba sai an kai ga tiyata. Tafi yawa ta nan gabas wajen tsaunuka amma kar ka dogara da wannan. Kar kaci abinci ko ka taɓa baki sai ka wanke hannu da sabulu, kar kuma ka bar karnukan aikinku su ci gawar ko kayan cikin tumakin da suka mutu.

Abinda zan ƙara, bindiga ita kaɗai bata kare garke. Wanda ka gani shi zaka harba, waɗanda baka gani ba sunfi yawa. Waɗanda na ga sun samu sauƙi sun haɗa ne da shinge mai kyau, da tarko, da gubar 1080 da ake sawa a nama lokaci ɗaya da maƙwabta ta hannun hukuma, wasu kuma sun kawo karnukan Maremma, farare manya ƴan asalin Italiya, suna kwana cikin tumaki. Ka sani kuma a cikin gandun dajin gwamnati dingo dabba ce mai kariya, iyakarka gonar da aka baka izini.

Ga ƴan gida masu karantawa, lamarin karnukan unguwa daban ne, kar a haɗa. Ostireliya babu ciwon haukan kare, mu kuwa muna dashi, yana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Maganinsa rigakafi ne, in aka yiwa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura cutar na yankewa, kuma ana yin allurar a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Bi da kisa baya kawar da ita. In kare ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a nufi asibiti a ranar.

Malam_Na_Tudu

Allah ya saka da alheri Likita. Ɗan'uwa Makiyayi, damuwar da kake ciki tana da asali a addini. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, wanda yara ke haddacewa a Arba'una, na 17, yana cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in zaku kashe ku kyautata kisan, in zaku yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Kare mai cizo kuma yana cikin dabbobi biyar da aka yi izinin kashewa ko a cikin Harami. Don haka kare dukiyar da aka baka amana halal ne, neman harsashin da zai gama da wuri kuwa shine wasa wuƙar. Na farkon da ya faru ba da niyya kayi ba, ka nemi gafara ka wuce.

Sai dai ina roƙon matasanmu na nan gida, kunga shi wannan bawan Allah sai da yayi kwas, aka binciki tarihinsa, aka bashi lasisi, kuma duk da haka sai ya sake neman izini kafin ya saya, ƙasar tasu tun bayan kisan Port Arthur na 1996 da aka rasa mutum 35 suka ɗaure harkar tamau. Mu ma nan dokar bindigogi ta 1959 tana nan, ko ta toka sai da izini balle mai dogon zango, ga halin da ake ciki na tsaro. In karnuka sun addabi unguwa ko garke a kai magana wajen mai unguwa da ma'aikatan dabbobi.

Abu_Hanif_Texas

To tunda alade ba nasa bane, kuma in har zai tsaya a ƙasa da mita 200, na sauka Baba, .223 mai 1:8 ta isa. Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa: ka tabbatar da abinda kake harbi. Wani da na sani ya harbe karen kiwon maƙwabcinsa da dare ta na'urar ganin zafin jiki, a ciki duk kare fari ne kawai mai ƙafa huɗu, har yau basa gaisawa. Naji ance karnukan kiwo na wajenku da ake kira kelfi akwai jajaye masu tsayayyen kunne kamar dingo sak. In baka ga wuyansa da kyau ka tabbatar babu abin wuya irin na karen gida ba, kar ka taɓa kunama. Ka sayi abin toshe kunne kuma.

Makiyayi_Longreach

Salam jama'a, na dawo da bayani bayan sati bakwai. Takardar izini ta fito bayan kwana 28 ɗin da ake jira, na ɗauki Tikka .223 mai 1:8 da madubi mai kyau da na'urar auna nisa, kuɗin madubin ya kusa kamo na bindigar amma Baba yace haka, nayi haka. Sati biyu ban nufi mai rai ba. Na kafa kwali a gaban tudun dam, na zana da'ira daidai tafin hannuna kamar yadda Likita ta kwatanta, ina kwanciya in ɗora bindigar a kan jakar baya. A mita 100 da 150 duk biyar suna shiga, a 200 in ba iska suna shiga, in akwai iska biyu na fita, a 250 kuwa abin ba kyau, don haka na yankewa kaina 180, ko me na gani bayan nan zan barshi.

Ranar Asabar na bar babur nesa na taka da ƙafa tun kafin asuba, nayi sallah a nan bayan tudun, na zauna iska na bugun fuskata. Gari na fara wayewa sai gasu su biyu ta bakin shinge. Na auna, 260, na ƙyale su, zuciyata kamar zata fito. Kusan minti ashirin suna shinshine-shinshine sannan babban ya gangaro shan ruwa, na sake aunawa 140, babu komai ɗaure a wuyansa, baƙi-baƙi ne mai faɗin kai irin ruwa biyun nan, bayansa tudun ƙasa ne ba tunkiya ko ɗaya. Ya ɗago kai ya bani gefe, na sa a bayan kafaɗa na matsa a hankali. A wurin ya zube, ƙafar baya ta motsa sau biyu shikenan. Na taɓa idon da tsinke, shiru. Namiji ne, mun ɗora a sikelin ulu kilo 21.

Na biyun ya tsere ta kudu kuma naga kamar mace ce, yanzu kuma muna cikin Yuli. Likita, in na same ta kuma tana shayarwa, ta ina ake fara neman ramin, bin sawu zanyi daga bakin ruwa ko akwai irin wurin da suka fi haƙawa? Akwai wani busasshen rafi mai zurfin gaɓa kamar kilomita uku daga dam ɗin, gobe in sha Allah can zan fara dubawa.